Jar A-kori-kurar da Babu Ita

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin a Gummi ba, ko da kuwa mutanen gari sun yi mini alheri sun manta.

Wata huɗu ke nan da na sayi mota, wata tsohuwar ja wadda sai an lallashe ta take tashi. Ni malamin Turanci ne a wata sakandare, kuma ni ne mai ladabtarwa, mai tsayawa gaban ɗalibai kullum safiya yana huɗuba kan gaskiya da riƙon amana. Tuƙi kuwa, gaba na iya. Baya sai addu'a.

Ran nan na kai Inna, mahaifiyata, wani ƙaramin asibiti a duba hawan jininta. Mun yi sammako, harabar ba kowa, ko mai gadi ba ya ƙofa. Na hango inuwa ƙarƙashin dogonyaro, kusa da wata farar mota sabuwa fil. Da na shiga da kai da an zauna lafiya. Amma sai na ce bari in shiga da baya, Inna ta ga ɗanta ya ƙware.

Ƙuuu! Na taka birki bayan aikin gama ya gama. Madubin farar motar yana reto a jikin waya, ƙofarta ta lotsa, ga jan fentina ya ja layi a kai.

"Kai," in ji Inna, "ka bugi motam mutane."

"Dutse ne, Inna."

"Dutse da madubi?"

Na ce mata kada ta damu, zan nemi mai motar mu daidaita. Na raka ta ciki, na yankar mata kati, na zaunar da ita a layi. Sannan na lallaɓo waje, na ja motata na kai ta can bayan ɗakin ajiye magani, na manna gefen da ya goge da bango. (Na gaya wa kaina inuwa ta fi kyau a can. Wurin ko ciyawa babu.) Gaskiyar magana tsoro ne: tsakiyar wata muke, kuma na riga na cika ofishin malamai da labarin iya tuƙina.

Ban jima da komawa ba na ji salati a waje. Motar ashe ta Sista Rifkatu ce, ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru, wadda ta shekara goma tana aiki a garin nan. Ita ke duba Inna duk wata, kuma ina koyar da 'yarta. Na same ta tsaye ta ɗora hannu a ka, idonta ya kawo ruwa.

"Shekara shida ina tara kuɗinta, Malam. Ko ledar kujera ban cire ba."

Mutumin kirki a nan zai buɗe baki. Ni ma na buɗe. Na ce, "Kai, duniya ta lalace! A buge motar mutum a gudu? Ina tarbiyya?"

Shugaban asibitin ya fito, ya sa aka kira mai gadi, Baba Hashimu, wani dattijo siriri mai furfura. Ya ce an kawo wata mai naƙuda a kan babur daga ƙauye, shi ya kama aka shiga da ita, shi ya sa ya bar ƙofa. Shugaba ya ce in ba a gano mai laifi ba, daga yau ya nemi wani aikin. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, har da gyaɗa kai. Na ƙara da cewa, "Baba, gadi amana ne."

Sista ta kira wakilin kamfanin inshorarta a Gusau, ta sa wayar a amsa-kuwwa don kowa ya ji. Ya ce ta ɗauki hotuna, a rubuta bayanin yadda abin ya faru, kuma in da shaida aikin zai fi sauri. Ya tambaya ko akwai wanda ya ga motar da ta yi ɓarnar. Wata mata ta nuna layin jan fentin. Kafin kowa ya fara tunanin wa ke da jar mota a garin nan, sai na ji bakina yana cewa:

"Na gan ta! A-kori-kura ce ja, shaƙe da buhunan wake, da gani daga kasuwar Bukkuyum ta fito."

Sista ta ce ba ta da lokacin rubutu, ga marasa lafiya na jira. Na ce ta kawo, rubutu ai aikina ne. Na ɗora takarda a kan motar da na lotsa, na zuba Turanci. Na kira direban maras imani. Na kira shi matsoraci, abin kunya ga iyayensa. Na ba shi gemu da baƙin tabarau. Wakili yana kan waya yana jira, na karanta masa da muryar huɗubar safiya, mutane suna "ƙwarai kuwa!" Na sa hannu a ƙasa, da cikakken suna da lambar waya.

Ina miƙa takardar, sai ga Inna ta fito, da auduga a hannu inda aka ɗebi jini. Ta gan ni tsaye da Sista a gaban motar, fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi, ashe ka gano mai ita. Ɗiyata, ke ta? Don Allah ki yi mai haƙuri. Ina cikin motatai yab buge ta. Bai iya baya ba, ko gida katangar makewayi ta sha wuya garai."

Sista ta dube ni, ta dubi takardar, ta sake dubana.

"Malam, ina gemun?"

Na ce, "Inna, kin ga jininki ya hau, ba ki..."

"Jinina lahiya lau, yanzu anka auna. Wane gemu?"

Sista ta fassara mata abin da na rubuta, layi bayan layi, a hankali, ba ta tsallake "abin kunya ga iyayensa" ba. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wanga guda dai ya yi gaskiya."

Sai Baba Hashimu ya gyara murya. "Ni na ga motar Malam bayan ɗakin magani tun ɗazu, da farin fenti ga bamba. Kunyatai nij ji. Malamin ɗana ne."

Wannan ita ta fi komai ƙona ni. Mutumin da nake gyaɗa kai a kore shi, shi ke rufa mini asiri. Inna ta ce in durƙusa in ba shi haƙuri. Na durƙusa, da shekara arba'in da biyu da babbar riga, a gaban layin masu awon ciki.

Daga cikin waya aka yi tari. Mun manta da wakili.

"Malam mai a-kori-kura, kana da inshora?"

Na je na ɗauko takarduna. (Sai da na fito da motar da baya. Mutum uku suka tsaya suna ba ni hannu, ba wanda ya roƙe su.) Na karanta masa lambar, ya duba, ya ce tana da rai.

"To ai amfaninta ke nan. Irin taka ba ta gyara motarka, amma tana gyara ta wanda ka buga. Da ka faɗi gaskiya, fom kawai za ka cika."

Ni a zatona takardar nan ta nuna wa jami'an hanya ce kawai.

An yi sati biyar ana kai-kawo, na je Gusau sau biyu, kafin aka gyara motar Sista. Baba Hashimu yana nan a aikinsa. Bayani na biyu kuwa layi uku ne, kuma Sista ta ce ita za ta rubuta, ni in sa hannu kawai.

A hanyar gida ranar da abin ya faru, ina ta satar kallon Inna har muka kusa ƙofa. Na kasa haƙuri na ce, "Inna, da na ce ki yi shiru, da kin yi?"

"A'a. Da dai na ƙara murya."

Abin da na koya bai da yawa. Ka karanta takardar da kake biya wa kuɗi duk shekara. In ka yi ɓarna, ka tsaya a inda ka yi ta, don kunyar minti biyar ce. In kuwa ka ga mutum ya fi mai mota kumfar baki a kan laifin da bai shafe shi ba, kada ka tsaya musu da shi. Zagaya ka duba bambarsa.