Ranar da Na Soka wa Bappa Allura

Zamanin Jihar Arewa maso Gabas ina koyarwa a wata firamare a Jimeta, sai na karanta a mujalla cewa mutanen Sin suna warkar da ciwo da allura zalla. Wai jiki yana da hanyoyi, in ɗaya ta toshe sai a tsira siririyar allura daidai wurin, ta buɗe. An ce gwanayen kan yi shekaru suna koyo. Na ce wannan ai sai marasa boko.

Ran Asabar na hau keke zuwa Yola wurin Bappa, ƙanen mahaifina, wanda ciwon gwiwa ya kwantar tun damina. Na tafasa allurar ɗinkin matata, na tara mutanen gida na yi musu lacca.

Goggo, ƙanwarsa, ta ce, "Malam, ka tabbata ka iya?"

Na ce, "Goggo, ke dai zuba ido."

Na laluba gwiwar, na yi bisimilla, na soka. Bappa ya kurma ihun da ban taɓa ji daga bakin dattijo ba. Ƙafar da ake cewa ta mutu ta tashi ta same ni a baki. Na faɗi zaune, haƙorina a hannu, Goggo tana salati, allura tana rawa a gwiwa. Sai asibiti aka kai shi, ya daɗe bai amsa gaisuwata ba.

Har yau in wani ya yi ciwon kai a danginmu, sai a ce, "A kira Dokta Mai Giɓi?" Nan take zai ce ya warke.