Rasuwar Na'urar Awon Ruwa, Wadda Ba Ta Iya Ƙarya Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga da har yanzu ba ta bushe ba, mai lambun rumfar gilashi yana sanar da rasuwar na'urarsa ta awon ruwan shuka.

Marigayiya baiwar Allah ce mai tsare gaskiya. A ɗora mata tukunyar tumatir a kan sikelinta, sai ta auna, ta san abin da shukar ta sha, ta buɗe famfo ta mayar mata daidai. Ba ta taɓa neman hutu ba. Iyakar maganarta "tit", in ranta ya ɓaci "tit-tit".

Ajali kuwa daga gida ya biyo ta. Maiɗakin mai lambu ce ta ce ya ajiye tumbi, kuma muddin ya haura nauyin bara, to shi da cin abinci sau biyu da dare sai a mafarki. Shi ko ya rantse ramewa ma yake yi. Don ya kwantar da hankalinsa, sai ya faki ido, ya sauke tukunyar barkono, ya cire takalmi saboda ladabi, ya hau.

Marigayiya ta ce "tit". Ta ce "ƙiiii". Da yake ba ta taɓa haɗuwa da shuka mai wannan girma ba, sai ta tattara sauran ƙarfinta ta sakar masa duk famfunan rumfar. A kan aikinta ta cika.

Abin da ya fi ƙona masa rai, lambar da ta auna ta ƙarshe ta daskare a fuskarta. An cire batir, an jijjiga, an roƙe ta, ta ƙi gogewa.

Ta bar tumatir layi-layi, da barkono marayu, da tiyo guda da bai daina zubar da hawaye ba, sai mai lambu, wanda yanzu yake bi tukunya-tukunya yana tsoma yatsa.

Za a binne ta gobe da hantsi a bayan rumfa, a kife, fuska ƙasa. Ba a yarda kowa ya buɗe mayafi ba. Masu ta'aziyyar da suka yi niyyar kawo abinci su miƙa wa mai lambu hannu da hannu, ta ƙofar baya.

Maiɗakinsa ta ce ita za ta yi wa gawar wanka, har ta nemo tabarau.