Tulun Ƙofar Ɗakina

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata a Gozaki ba, ko da yake na so ƙwarai in manta.

Ina ɗan shekara shida baffana ya ɗauke ni riƙo. Aiki ya kai shi Ingila, ya tafi da ni. Sai da na yi gemu na dawo, zamanin da auduga ke tashe a Funtua. Na sauka da kwat da takalmi sau-ciki, ina jin kaina wani abu. Cikin kwana uku ƙasar ta sauke mini girman kai. Zafi ya hana ni sakat, sauro ya mai da ni gonarsa, ruwan rijiya kuwa ya lalata mini ciki (ba sai na yi dogon bayani ba).

Duk wannan bai dame ni kamar halin Inna, mahaifiyata, ba. Ranar da na iso na buɗe hannu zan rungume ta, ta kauce ta shige ɗaki. Ba ta kallon idona, ba ta kiran sunana. In za ta yi zancena sai ta ce, "A kai wa wancan tuwo." Wancan! Ni da na shekara goma sha biyar ina begenta. Abin ya yi mini ciwo, na yanke a raina cewa ta manta ita ta haife ni.

Ana nan sai na fara tarar da tulu a ƙofar ɗakina kowace safiya, cike da ruwan da aka tafasa ya huce. Cikina ya lafa. Na ɗauka aikin Gwaggo Lami ne, ƙanwar babana. Na yi ta yi mata godiya, ita kuwa sai murmushi.

Ranar bikin tsakar gida ta cika da mata, har da dangin ango daga Malumfashi. Na shigo wucewa, na ji Inna na cewa a miƙa wa wancan fura. Sai abin ya zo mini wuya. Na tsaya a tsakiyarsu (ƙato a cikin mata, wannan ma kansa abin kunya ne), na ɗaga murya:

"Inna, ina da suna! Ki kira shi ko sau ɗaya, in dai ke kika haife ni!"

Masu daka suka tsaya cak. Wata tsohuwa ta saki salati. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Gwaggo ta fizge ni zuwa bayan rumbu. "Kai wane irin yaro ne? Ɗan fari ne kai fa! Wace uwa ce ke kama sunan ɗan fari? Kunyarka take ji, ka zo ka tozarta ta gaban surukai."

Na ce, "Ai ke kin fi ta kula da ni, Gwaggo. Ruwan nan da kike..."

"Wane ruwa? Ni ina da itacen ɓarnatarwa? Ita ke tashi ta tafasa maka, ta ce kada in kuskura in faɗa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tsuguna a wurin na yi kuka da kwat ɗina a jiki.

Washegari na buɗe ƙofa a tsorace. Tulun na nan, cike.

Tun daga ranar na koyi duba ƙofar ɗakina kafin in buɗe baki. Inna ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma har yau, da furfurata, in na ji wata ta ce "wancan" a kasuwa, sai na waiwaya.