Ranar da Na Soya Iyayen Gargazar Sanusi

Ku matso, ku kasa kunne. Har a kai ni kushewa ba zan manta da ranar sunan jikata ba.

Ɗana Sanusi yana kiwon gargaza a tankin siminti bayan gidanmu a Talata Mafara. Ba ta ci ba ce, ta iri ce. Tun kafin ya yi aure yake zaɓe: duk haihuwa sai ya ware masu saurin girma da faɗin baya, ya haɗa su da waɗanda ba danginsu ba. Sai da ta kai masu kiwo na zuwa har gida neman 'ya'yan kifinshi.

Jajibirin suna ya tafi Maradun ɗauko rago, ya ce, "Inna, ki watsa musu abinci kawai." (Kawai ɗin nan ne ban ji ba.)

Na watsa. Sai na ga wasu manya sun rakuɓe, ba su ci, kumatu a kumbure. Ina leƙawa, 'yan ƙanana kamar tsaba suka ruga, wata ta buɗe baki ta kwashe su tas. Na yi salati. Ni na tsufa da kiwon kaji, kuma a gidanmu duk kazar da ta fara shan ƙwanta ba ta kwana. Na ɗauko komar kamun kifi, na tsame duk mai kumburin kumatu, ban bar ko guda ba. Muka soye su da mata, aka ɗora bisa shinkafar baƙi.

Washegari bayan raɗin suna, Malam Garba na Bakura, mai jiran 'ya'yan kifin, ya shigo gaishe ni yana suɗe yatsa.

"Hajiya, wagga gargaza daga wane gulbi? Ban taɓa cin mai tsoka irinta ba."

Na gyara zama, na ɗaga murya don mata su ji. "Ta Sanusi ce. Azzalumai ne masu haɗiye ɗiyansu, na raba shi da su."

Malam Garba ya daina tauna. Sanusi na tsaye bakin ƙofa da faranti a hannu.

"Inna, masu kumatun?"

"Su fa."

"Duka?"

"Ai ban yin aiki rabi."

Ya zauna a ƙasa, cikin sabuwar shadda. "Inna, goyo suke yi. A baki gargaza ke renon ɗiyanta. Ke suka gani, suka gudu wurin uwarsu."

Ashe ni ce dodon. Can baya kuwa wata tsohuwa ke tambaya ko da sauran kan kifi.

Malam Garba ya koma Bakura, ya nemi iri wani wuri. Sanusi ya duba tanki, mafi yawa maza suka rage. Ya ce zaɓen shekarun nan ba ya da ƙarfin sake shi, ya koma kara wurin 'yan'uwan ubanshi, yana dillancin shanu. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma da ya yi da na fi samun barci. Tankin, barkono muke shanyawa a ciki. Jaririyar an sa mata Hadiza, amma duk unguwa Ta-Kifi ake kiranta.

Ni kuwa na daina yi wa kowa hukuncin kaza. Jiya ma na ga kyanwa ɗauke da ɗanta a baki. Na ce mata sannu da aiki, na wuce.