Kason Alhaji Na'Allah

Wani mutum ne a unguwarmu, Tanimu, baki gare shi kamar rediyon mai shayi. Kwana uku kacal ya yi a taron bita kan sauyin yanayi a Kaduna, ya dawo da riga mai hoton bishiya, ya hana kowa sakat.

"Jama'a, kun san wa ya jawo mana wannan zafin? Saniya! In ta yi gyatsa, wata iska take fitarwa mai riƙe zafi a sama. Ga dajin da ake sarewa don noma abincinta. Ni kam na rabu da nama har abada!"

Maganar rage nama gaskiya ce, masana ma sun faɗa. Abin da ya ba ni haushi, mu da yake yi wa wa'azin sai mu yi wata biyu ba mu ga tsoka a miya ba. Ilu tela yana gwaguyar ƙashi ɗaya tilo, Tanimu ya tsaya a kansa, wai irinsu ne suka ƙafar da rafin garinmu.

Ana nan sai lokacin watanda ya zo, yadda muka saba haɗa hannu mu sayi sa, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kasonsa. Tanimu ya ga san da za a yanka, tozo ya kwanta gefe guda don ƙiba. Yawunsa ya tsinke. Nama yake so, amma yana tsoron zubar da girma. Sai ya lallaɓa wurin Mamuda mahauci, shugaban watandar.

"A saka abokina, Alhaji Na'Allah na Gusau. Na yi masa nasiha ya ƙi ji."

"Wane ne shi?"

"Ba ka san Na'Allah ba? Mutumin da ke yanka shanu goma duk Juma'a ya rabar sadaka?"

Alhali ko a mafarki babu wani Na'Allah.

Ranar yanka da hantsi aka taru a gindin dalbejiya. Ilu ya ce, "Tunda Tanimu ba ya cin nama, shi zai yi rabo. Ba shi da kaso, ba zai yi son kai ba."

Kowa ya yi na'am. Gogan naka ya naɗe hannun riga yana yatsine fuska.

"Don ku kawai zan taɓa abin nan."

Aka fara. Kason Ilu, ƙashi da jijiya. Nawa, huhu da wani abu da har yau ban san sunansa ba. Kason Alhaji kuwa, tozo tim! Hanta jaɓ! Ƙoda, kitse, cinya, sai da kaso ya yi tozo shi ma.

"Tanimu, wannan fa?" in ji Ilu.

"Baƙo ne, a girmama shi."

Mamuda ya dubi tulin, ya dubi maƙogwaron Tanimu yana sama yana ƙasa. Ya yi murmushi.

"To ina Alhajin?"

"Bai samu zuwa ba. Ni zan kai masa."

"Haba! Mu ɗora maka nama har Gusau, kai da ka tsane shi? Ba mu yi maka adalci ba. Kuma da wannan zafin da kake ba mu labari, kafin Funtuwa ya ruɓe."

"Zan soya masa..."

"A gidanka? Allah ya kiyaye! Ai ka ce mutumin sadaka ne, shanu goma duk Juma'a. Wannan ɗan kason me zai yi masa? Jama'a, sadakar Alhaji Na'Allah! Kowa ya ɗiba, a yi masa addu'a!"

Hannuwa suka yi caa. Ilu ya cafke hanta. Ni na kai wa tozo hannu.

Sai ji muka yi rim! Tanimu ya yi tsalle ya kife a kan naman, ya rungume shi da hannu da ƙafa, bishiyar rigarsa ta yi jina-jina.

"Wallahi nawa ne! Nawa ne! Akuyar matata na sayar na shiga! Ilu, ajiye hantar nan!"



Mamuda ya goge hannu, ya durƙusa a gabansa cikin ladabi.

"A'a, Alhaji! Ashe ka iso? Sannu da hanya, ya mutanen Gusau? Yanzun nan abokinka Tanimu ya bar wurin nan. Ya ce mu gaya maka kai ne ka ƙona duniya."