Sarkin Eriya da Akwatin da Ba Ya Jin Mari

Duk wanda ya ce layin nan bai tara manyan mutane ba, to bai taɓa ɗaga kansa sama ba. Da ya ɗaga, da ya ga eriya goma sha bakwai a kan rufin gidaje, kowacce ta fuskanci inda Injiniya ya ce ta fuskanta. Ba a makaranta ya samo sunan ba, irin iliminsa ai ya fi ƙarfin aji da allo. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gidan talabijin. Gaskiya ne aikin nasa a bakin ƙofa yake, da ƙaton littafi da biro mai igiya, yana rubuta sunan mai shiga da mai fita. To amma kamar yadda shi da kansa yake tunatar da jama'a safe da yamma, babu labarin da ya taɓa fita duniya ba tare da mai karanta shi ya tsaya a gabansa ya sa hannu ba.

Da ya yi ritaya sai ya kawo wannan baiwa gida, ya raba wa talakawa kyauta. Iska ba ta isa ta kaɗa eriyar wani ta kwana a karkace ba. Kafin mai gidan ya gama tsaki, ga Injiniya da tsaninsa a kafaɗa, hula a goshi, sukundireba a aljihun gaba wadda ba a taɓa ganin ya kwance komai da ita ba. Zai hau, ya kama sandar da hannu biyu, ya fara murzawa a hankali yana kwaɗa kira, "Ya fito?" Na cikin ɗaki su amsa, "Saura kaɗan!" Ya ƙara murzawa, yashin da ya cika fuskar talabijin ya riƙa washewa, kan mai karanta labarai ya fito, sai kafaɗa, sai a yi ihu, "Tsaya nan!" Idan kuma hoto ya yi taurin kai, sai ya sauko ya auna gefen talabijin da ido, ya sharara mata mari ɗaya. Ko tsoro take ji ko kunya, Allah kaɗai ya sani, amma takan gyaru. Daga nan ne tsohon direban da ke maƙwabtaka da shi ya ƙara masa sarautar Sarkin Eriya. Da wasa ya faɗa, Injiniya kuwa ya karɓa da gaske, har yakan ɓata rai idan aka gaishe shi ba a haɗa da ita ba.

Ana nan sai aka fara sanarwa cewa za a kashe tsohon tsarin watsa shirye-shirye a koma dijital, kowa ya nemi ɗan akwatin da ake kira dikoda, in ba haka ba talabijin ɗinsa ta zama madubi. Hankalin tsofaffin layi ya tashi. Na Injiniya bai tashi ba, domin babban mutum a lokacin ruɗani ake ganin girmansa. Ya tara su a barandarsa, ya kafa Kwamitin Sauyin Zamani, ya nemi a zaɓi shugaba, kafin kowa ya buɗe baki ya gode musu da amanar da suka ɗora masa.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku," in ji shi, yana kaɗa sukundireba. "Wannan dijital da kuke ji, mun san shi tun yana cikin takarda. Waɗanda suka ƙirƙiro shi ta gabana suka wuce, wani ma sai da na mayar da shi ya gyara sa hannu. Hoto dai hoto ne. A sama yake yawo, hannu ke kamo shi. Wanda ya iya kamo na jiya shi zai kamo na gobe."

Tela ya gyaɗa kai, mai shagon magani ya gyaɗa, direba ya sunkuyar da nasa kan yana gyara takalmin da babu abin da ya same shi.

Ranar sayen akwati, Injiniya ya tafi da matarsa, Maman Auta, don ta riƙe masa leda. Matar da ke shagon ta jona akwatin, ta zuba musu tashoshi, sannan ta fara bayani cikin ladabi. "Baba, wannan ba kamar na da ba ne. Idan an juya eriya sai an tsaya an ba shi lokaci, kamar a ƙirga goma, kafin..." Bai bari ta kai aya ba. Ya yi murmushin da manya ke yi wa yara, ya tambaye ta shekararta nawa, ya sanar da ita cewa tsaninsa ma ya girme ta. Takardar bayanin da ke cikin kwali kuwa, da suka iso gida ya ninke ta huɗu ya tokare ƙafar tebur da ita. Maman Auta ta ninke ledar ta ajiye. Shekara arba'in da uku tana zaune da ilimi a gida ɗaya, ta san ba a katse shi.

Ranar da aka kashe tsohon tsari, talabijin goma sha bakwai suka yi shuɗi a lokaci guda, da ɗan rubutu a tsakiya wai babu sigina. Sarkin Eriya ya saɓi tsani ya fita rangadi. Ya hau rufin tela ya murza gabas ya murza yamma, shuɗi. Ya hau na mai magani, shuɗi. A gidan direba har ya gwada tsohon magani, ya ɗauke akwatin da mari, akwatin ya faɗo bayan kabad yana lilo a jikin wayarsa, ko gezau bai yi ba. Da yamma shugaban kwamiti ya fitar da sakamakon bincikensa.

"Na duba ko'ina. Aikinmu babu kuskure. Siginar ce ba ta iso layin nan ba tukuna. Abu ne mai nauyi, a hankali yake tafiya, sai ya gama da manyan tituna kafin ya shigo lungu."

Kwana huɗu layi na jiran sigina ta gama da manyan tituna. A rana ta biyar Auta ta bugo waya. Ita ce 'yarsu ta ƙarshe, ungozoma ce a wani asibiti mai nisa, wata goma sha huɗu rabon da su sa ta a ido. Ta ce an gayyace ta shirin lafiya na talabijin ranar Alhamis da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, kai tsaye, minti ashirin, kuma ba a maimaitawa. Maman Auta ta ajiye waya. Ba ta taɓa roƙon mijinta komai a kan talabijin ba, amma ranar ta roƙe shi, ta ce don Allah Malam a kira mai gyara, ko sau ɗaya, tana son ganin fuskar 'yarta.

Mai gyara! A gidan Sarkin Eriya! Injiniya ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Don ya nuna mata girman kuskurenta, sai ya bi gida-gida ya gayyaci layi kaf, maza da mata, su zo su ga 'yarsa a talabijin ɗinsa, ta hanyar eriyarsa. Ya ce ya sami labari daga sama cewa sigina za ta iso ranar Alhamis.

Ƙarfe huɗu na Alhamis falo ya cika. An kwaso kujerun maƙwabta, mata sun zauna a kan tabarma har bakin ƙofar kicin, fanka na juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Maman Auta ta sa sabon mayafi kamar 'yar za ta gan ta, ta zauna dab da talabijin da rimot a cinya. Injiniya ya tsaya a tsakar gida ya yi gajeren jawabi na minti goma sha biyu, sannan ya hau tsani.

"Ya fito?"

"Shuɗi!"

Ya ci gaba da murzawa, sannu a hankali, ba tsayawa, yadda ya saba shekara da shekaru. Can sai falo ya ɗauki ihu, "Ya fito!" Kafin ya washe baki, "Ya tafi!" Abin da bawan Allah bai sani ba, kuma ya hana a gaya masa, shi ne sabon akwatin bai san "saura kaɗan" ba. Ko hoto ya zo garau, ko kada ya zo sam, kuma sai ya yi ɗan tunaninsa kafin ya nuna. Kafin hoto ya bayyana a ƙasa, gwanin da ke sama ya riga ya wuce wurin da taku uku. Ya dawo baya, ya sake wucewa. Ya koma gaba, ya sake wucewa. Sau shida fuskar wani mai tallan sabulu tana leƙowa tana gudu.

"Bakinku ne ba shi da sauri!" ya daka musu tsawa daga sama. "Shekara talatin ina aiki da masu amsawa, ban taɓa ganin marasa kai irinku ba!"

Huɗu da minti ashirin da takwas. Maman Auta ta daina kallon talabijin, agogon bango take kallo, idonta ya cika. Direba ya ga abin ya ishe shi, ya fito tsakar gida ya ce, "Sarki, ko dai a kira yaran nan masu gyara?"

Nan fa aka taɓa inda ba a taɓawa. Injiniya ya saki sanda, ya juyo gaba ɗaya, ya ɗaga hannu biyu don ya yi wa jahili bayanin yadda hoto ke tafiya a cikin iska. Ya fara daga asalin wutar lantarki. Bai kai ga jimla ta huɗu ba falo ya fashe da sowa. Hoto ya fito, tas, har ana ganin zaren labulen da ke bayan mai gabatarwa, ga kuma Auta a gefe cikin farin kaya tana gyara zama.

Da jin sowa Injiniya ya yi wuf ya cafke sandar, zai ƙara gyarawa. Maman Auta ta riga shi. Matar da muryarta ba ta taɓa wuce ƙofar falo ba ta leƙo ta taga ta kwarara kira har layi na biyu suka ji.

"Malam! Riƙe nan! Kada ka motsa, kada ka saki! Hannunka ne ke riƙe da shi!"

Wace magana ce ta fi wannan daɗi a kunnen Sarkin Eriya? Ya ƙanƙame sanda da hannu biyu, ya buɗe ƙafa, ya ƙame. Rana na dukan ƙeyarsa, kwano na gasa tafin ƙafarsa, ƙuda ya sauka a hancinsa ya yi zamansa, bai kore shi ba. Masu wucewa a titi suka riƙa ɗaga kai, shi kuwa yana amsa musu da gira, irin ta mutumin da al'umma ta rataya a wuyansa.

Sai muryar Auta ta fito ta taga. Tana magana a kan masu juna biyu da zuwa awo, a natse, ba gargada, kamar ba ita ce yarinyar da ke ɓuya a bayan ƙofa idan an yi baƙi ba. Injiniya ya kasa kunne. A karon farko tun da ya fara hawa rufin mutane, ya ji yana son ya kasance a ƙasa. Ya yi kewar 'yarsa ƙwarai, kuma ga ta nan taku goma daga inda yake, amma ba dama.

"Ta rame ko ta yi ƙiba?" ya tambaya, da wata murya wadda ba ta jawabi ba.

"Ta yi kyau!" in ji Maman Auta. "Goshinka sak! Riƙe dai!"

Ya riƙe. Minti ashirin cur, har aka yi sallama da masu kallo, falo ya ɗauki tafi.

Ya sauko da ƙyar, kafaɗu sun sage, riga ta manne a baya. Tun daga matakin tsani na uku ya fara jawabi. "To, kun gani da idonku. Dijital jikin mutum yake bi. Ba kowane jiki ba kuma. Yanzu da na saki, ku je ku duba, ya ɗauke."

Ya shiga falo jama'a na biye da shi. Talabijin na nan garau, wata mata na bayanin yanayin gobe, ko ƙiftawa hoton bai yi ba. Tela ya duba silin. Mai magani ya tuna ya bar shago a buɗe. Direba ya fita da sauri yana tari, tarin da ya yi kama da wani abu daban. Kafin falo ya watse, mata uku sun ja Maman Auta gefe suna tambaya ko za ta leƙo gidajensu gobe ta nuna musu yadda ake yi. Ta ce babu wuya, a juya kaɗan, a cire hannu, a ƙirga goma.

Da aka rage su biyu, Injiniya ya zauna a kujerarsa yana kallon hoton da ya ƙi ɗaukewa. Maman Auta ta kawo masa ruwa mai sanyi, ta ɗauko man zafi ta fara shafa masa a kafaɗa, tana ba shi labarin Auta tun daga ɗankunne har takalmi. Ya saurara, bai katse ta ba ko sau ɗaya. Sai da ta gama ya yi gyaran murya.

"To ke da kika san ba ya buƙatar hannu, me ya sa kika ce in riƙe eriya?"

Ta rufe kwalbar man, ta goge hannu a zaninta.

"Haba Malam, eriya ai tana tsaye da ƙafarta. Kai ne ba ni da mai riƙe min, shi ya sa na ba ta kai ta riƙe."