Rasuwar Hajiya Kibod, Wadda Aka Wanke Aka Sha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanji wanda har yau bai gama yafe mini ba, ni Ubale Akawu na Dangora, a madadin yatsuna goma, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Kiru da Bebeji da Tudun Wada, har can Doguwa, rasuwar malamata kuma abokiyar zamana, Hajiya Kibod. Ta riga mu gidan gaskiya a ƙarshen daminar bana, 1998, bayan gajeriyar jinya.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ita ce abin nan mai maɓallai jere-jere da ake ajiyewa gaban kwamfuta ana buga rubutu. Ba ta taɓa zuwa Makka ba. Na sa mata Hajiya ne don ta tsallako teku, ni kuwa ko tafkin Bagauda ban taɓa tsallakewa ba. A wajen masu gwanjo na tsinto ta a Sabon Gari, ƙarƙashin tulin wayoyi, ba uwa ba uba, daga ita sai igiyarta. Ba wanda ya san shekarunta. An ce fara ce tas a ƙuruciyarta, amma sanda ta zo hannuna ta koma kalar haƙoran mai cin goro.

Tsoro ne ya haɗa mu, ba zan ɓoye ba. A farkon shekarar nan Oga ya shigo da kwamfuta ofishin da nake aiki, ya tara mu masu buga tafireta, ya ce za a yi mana jarrabawa bayan damina. Wanda ya ci ya zauna, wanda ya faɗi a sallame shi da godiya. Godiya! Shekara ashirin da ɗoriya ina buga tafireta da yatsa biyu, da su na yi aure, da su na rufa ɗakuna, da su nake riƙe da mahaifiyata, Inna Tani. Rabona da fartanya tun ina firamare. In aka sallame ni da furfurar nan, wallahi ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Da wannan fargaba na ɗauki Hajiya a hammata na riƙa zuwa Tudun Wada duk Asabar, shagon Malama Barakatu, mai kwamfuta ɗaya da janareta mai tarin fuka. Yarinya ce sa'ar 'yata ta fari, amma in tana koyarwa ba ta san furfura ba. Ita ta fara haɗa marigayiyar da kwamfuta, 'yan fitilunta suka kawo, muka tabbatar da ranta. Ina fara bugawa ta dafe kai.

"Baba, sakwara kake kirɓawa? A hankali mana, ba ta yi maka laifin komai ba."

Ina zuwa ƙarshen layi kuma hannuna na hagu ya tashi da kansa zai tura kan tafireta kamar yadda ya saba. Babu kan tafireta a wurin. Kofin shayin Malama ne a wurin, kuma sai da ya kai bakin ƙofa. A Asabar ta gaba flas ɗin shayinta ne ya sha mari. Daga nan ta koma shan shayinta a waje.

Duk da wannan duka da ta sha a hannuna, ban taɓa jin marigayiyar ta yi ƙorafi ba. Ba kamar tafireta ba, ba ta neman ribon ɗin tawada, ba ta neman mai, haƙoranta ba sa cijewa da juna, ba ta kaɗa ƙararrawa ta tona wa mutum asiri a gaban jama'a. Abin da kawai take cewa shi ne "ƙwas-ƙwas-ƙwas", in ka taɓa dogon maɓallin nan na ƙasa ta ce "tab", ta yi shiru ta jira ka. Ta bakin Malama Barakatu ta koya mini zama. Ni da na saba duƙawa kan tafireta kamar mai tsintar gyaɗa, aka ce in miƙe baya, in sauke kafaɗu, in dasa tafin ƙafa a ƙasa, kada in karya wuyan hannu, kada in kwantar da shi kan tebur kamar gajiyayyen jaki. Aka nuna mini wasu 'yan ƙuraje biyu a layin tsakiya, aka ce nan ne gidan manuniya, kowane yatsa kuma yana da unguwarsa, kada wani ya shiga ta wani. A nan na gano cewa ƙaramin yatsana na hagu ya shekara ashirin yana cin albashi ba ya aikin komai.

A gida ba mu da kwamfuta, ba mu da lantarki, kuma marigayiyar ba ta taɓa yi mini gori ba. Na kifa tsohon turmi na ɗora matashi, na ari teburin keken ɗinkin maiɗakina Balaraba, na sa bulo a ƙarƙashin ƙafa don turmin ya fi ni tsayi. Na kafe kwalin sabulu a bango daidai idona, shi ne gilashin kwamfutata. Kullum bayan sallar asuba nan nake zama, ido a kan kwali, baki yana bitar harufa, Hajiya tana amsawa ƙwas-ƙwas-ƙwas. In na ɗan jima in tashi in miƙe, in murza wuya, in kalli kukar bayan gari don ido ya huta, yadda aka umarce ni. Maƙwabta suka fara gaishe ni da wata irin murya mai taushi, irin wadda ake gaida wanda aka dawo da shi daga wajen mai magani. Ko a jikina. Ciwon wuyan da na daɗe ina ɗora wa mayu ya tafi ba sallama.

Aibi ɗaya gare ta, shi ma na tsufa ne: rabin harufanta sun goge. Malama Barakatu ta ce hakan ya fi, don mai bugun kirki ba ya kallon hannunsa. Ita ta ga za ta iya. Ni dai na je wajen maƙwabcina Malam Alkasim na makarantar allo na roƙo tawada da alƙalamin kara, na zauna na mayar wa kowane maɓalli harafinsa. Tawadar malamai kuwa ba ta son gumi, kwana kaɗan ta bi yatsu, sai in sake rubutawa. Inna Tani tana bakin ƙofarta da carbi tana kallo. Ga ɗanta da alƙalamin kara, ga tawada, ga harufa, ga bita da asuba. Kallon Inna kuwa bai taɓa zama banza ba.

Ciwon ajali ya same ta ranar Juma'ar da ta rage kwana kaɗan a yi jarrabawa. Na dawo daga masallaci, Inna ta tare ni da ƙwarya cike da fura, an dama ta da nonon shanun da matan Ɗansoshiya ke kawowa, har da zuma. Na yi bisimilla na kafa kai. Na ji wani ɗan bauri can ƙasa-ƙasa, na ce ko sabuwar ƙwarya ce. Na shanye, na suɗe ludayi, kuma don Allah Ya nuna mini iyakata har na tambaya ko da saura. Sai Inna ta yi murmushi.

"Ka shanye shi duka, ɗan nan. Yanzu yana cikinka, ba mai ƙwace maka."

"Me na shanye, Inna?"

"Karatun naka mana. Abin da aka rubuta da tawada, ake zama gabansa ana bita, ai wanke shi ake yi a sha. Na ga kai ba ka da niyya, shi ne na yi maka. Boko ma ai ilimi ne."

Na fita tsakar gida. Ga Hajiya can kife a kan akurkin kaji, cikin rana, tana ɗigar da ruwa ta kowace kafa. Ba shafa ta Inna ta yi ba. Tsoma ta ta yi cikin baho, ta jijjiga ta sosai don kada wani harafi ya maƙale a lungu, ta tace da rariya. Abin da ya fita daga cikin baiwar Allah nan ba tawada kaɗai ba ce. Akwai ɓurɓushin ƙuli-ƙulin da nake ci a kanta duk da an hana ni, akwai gidan tururuwa, akwai dattin Turawan da suka riƙe ta kafin ni, waɗanda Allah kaɗai Ya san abin da suke ci. Duk wannan ni na sha, da zuma.

Washegari na garzaya da ita Tudun Wada a naɗe cikin zane. Malama ta haɗa ta da kwamfuta. Fitilunta suka ƙifta sau ɗaya. Ta ce "ƙiiiiiii", da wata siririyar murya da ban taɓa jin ta da ita ba, ta cika gilashin da harafi ɗaya tun daga sama har ƙasa ba tare da kowa ya taɓa ta ba, sannan ta yi shiru. Na danna, ba ƙwas. Maɓallan in sun nutse ba sa tasowa. Malama ta ce, "Baba, sai haƙuri," ta fita da sauri wai za ta duba janareta. Ina jin dariyarta ta fi ƙarar janaretan.

A motar dawowa cikina ya fara magana. Bai yi shiru ba ranar Lahadi, kuma ranar Litinin tare muka shiga ɗakin jarrabawa.

Jama'a, a nan ne na ga ikon Allah. Mutumin da cikinsa ke murɗawa ba ya duƙawa. Na zauna cak a kan kujera, baya a miƙe kamar an haɗiyar da ni taɓarya, tafin ƙafa biyu a dashe a ƙasa, kafaɗu ba motsi, don na san motsi kaɗan zai jawo abin da za a daɗe ana labari a Kiru. Duka kuwa ina na ga ƙarfinsa? Lallaɓa maɓallan nake yi kamar mai taɓa ƙwai. Kallon hannu babu dama, ido ɗaya yana kan takardar da aka ba mu, ɗaya yana auna nisan ƙofa. Manuniyata biyu suka lalubo 'yan ƙurajen nan biyu, sauran yatsu kowa ya kama unguwarsa, har malalacin nan na hagu ya yi aiki kamar ɗan sabon ɗauka. Mai jarrabawar, wani mai tabarau da aka turo daga Kano, ya tsaya a kaina ya ce da sauran, "Ku dubi dattijon nan, haka ake zama. Har gumi yake don himma." Ni na fara gamawa. Ban tsaya jin yabo ba.

An bar ni a kan aikina. Na kuma san wanda ya yi mini wannan aiki: asubahin nan ne da muka yi ta yi ni da ita da kwalin sabulu, har yatsuna suka haddace abin da idona ke tsoron saki. Na yi kuka a bayan ofis, ba na jin kunyar faɗa.

Marigayiyar ta bar yatsu goma, da turmi, da bulo, da kwali, da yayarta tafireta wadda ke kan kabad ɗin ofis tana jiran nata lokacin. Ta bar rigar leda da Balaraba ta ɗinka mata don kada ruwa ya taɓa ta. Ta kuma bar abokin aikina Hamman, wanda aka ɗaga tasa jarrabawar zuwa wata mai zuwa, kuma an gan shi a ƙofar gidanmu da kwalba yana tambayar ko akwai ragowa. Saboda haka ina shawartar duk ofishin da ke da kibod a wannan yanki da ya sa mata kwaɗo.

Game da jana'iza: ba za a yi wanka ba, an riga an yi. Malam Alkasim ya ce ba a yi wa roba salla, na kuma yarda da fatawarsa, ko da yake tawadarsa na cikin waɗanda ake zargi. Za a binne ta ranar Laraba da hantsi a bayan rumbu, bayan Inna ta tafi suna Bebeji. Masu ɗaukar gawa kada su wuce mutum ɗaya. Za a karɓi gaisuwa a teburin Sabo mai shayi da ke bakin tasha, kowa ya zauna da baya a miƙe, kuma ba za a raba fura ba.

Roƙona na ƙarshe, kuma shi ne ya sa na rubuta duk wannan: kada kowa ya zo gida gaisuwa. Inna ba ta san an yi rasuwa ba. Da ta tambayi dalilin da ta daina jin ƙwas-ƙwas da asuba, ce mata na yi an yi wa Hajiya ƙarin girma, an mai da ita ofis. Tsohuwar nan ta kai shekarun da ko ruwa ba a barinta ta ɗauka, komai sai dai a yi mata. Ranar da na kawo mata labarin an bar ni a aiki, ta kama hannuna ta daɗe tana murza yatsun, sannan ta ce, "Ashe dai har yanzu ina da abin da zan yi maka." Don haka duk wanda ya haɗu da ita, a hanya ko a gidan suna, don girman Allah ya durƙusa ya yi mata barka.